Wai da gaske kyauta ake ba makaɗa abin sha a mashayar da suka yi wasa?

Tambayar da mutane ke yawan yi kenan idan suka ga bidiyon wasu makaɗa a wata mashaya a Landan ko Nashbil ta Amurka, mutum na rungume da jita ga kofi cike a gefen ƙafarsa: wai wannan kyauta aka ba shi ko shi ma da kuɗinsa ya saya? Wasu na ganin ai dole ne ma, wanda ya tara maka jama'a a shago ta yaya za ka sayar masa da abin da ke cikin shagon. Wasu kuma sun tafi can ƙarshe, suna cewa ai abin shan shi ne ladan nasu gaba ɗaya, daɗi kawai suke ji. Su kansu makaɗan na Turai da Amurka har yau ba su gama gardama a kai ba, wani ya ce haƙƙinsa ne, wani ya ce shi a biya shi kuɗinsa kawai a riƙe kwalbar.

Amsar a gajarce ita ce wurare da yawa suna bayarwa, wasu ba sa bayarwa ko kaɗan, kuma ba wajibi ba ne a kan kowa sai in an rubuta a yarjejeniya. Na san mafi yawanmu giya ba ta cikin lissafinmu, addini ya haramta, ni ma ba tallarta na zo yi ba. Abin da ya sa na ga ya dace a warware zancen shi ne a ƙarƙashin wannan kofin akwai maganar haƙƙin mai sana'a, wato yadda ake lallaɓa mutum da abu mai araha don kada ya nemi cikakken ladan guminsa, kuma wannan kam ya shafe mu.

Su wane makaɗa ake nufi?

Ba manyan taurari masu cika filin ƙwallo ake magana ba. Ana nufin ƙananan makaɗa masu yawon wasa, yau suna wannan mashaya gobe suna wancan otal, jibi biki. Mutum uku ko huɗu ko biyar, mai jita, mai ganguna, mai fiyano, mai waƙa, su suke ɗauko sifikunsu da kansu a bayan mota, su haɗa wayoyi da kansu, su yi wasa awa biyu ko uku, jama'a su watse su kuma su tsaya naɗe waya da tattara kaya har ɗaya na dare. Da yawansu suna da wani aikin da rana. A ƙidayar makaɗa da aka yi a Birtaniya a 2023, wadda ƙungiyar makaɗa ta ƙasar da gidauniyar Help Musicians suka shirya, an samu matsakaicin abin da makaɗi ke samu daga kiɗa a shekara fam 20,700 ne, kuma kashi 43 cikin ɗari ba sa kai fam 14,000. A ƙasar da kuɗin haya kaɗai ke iya cinye rabin wannan, ka san ba masu kuɗi ba ne.

Yadda ake bayar da abin

Ba salo ɗaya ba ne. Wanda ya fi yawa a Amurka shi ne tikitin sha, wasu 'yan ƙananan takardu da manaja zai miƙa wa shugaban makaɗa da isowarsu, yawanci biyu-biyu kowane mutum, kuma ba kowane abu tikitin ke saye ba, mai araha ne kawai, in kana son na saman kanta ka cika kuɗi. Wani wurin kuma lissafi ake buɗe musu, a ce ku ci ku sha har ya kai dala kaza, abin da ya haura a cire a kuɗin wasanku. A nan ake yawan samun rigima, domin idan ba a faɗi iyakar tun farko ba, ko abokai suka zo suka riƙa oda da sunan makaɗan, sai a tashi biya a ga ambulan ɗin ya rame. Wasu wuraren rabin kuɗi suke yi musu irin wanda ake yi wa ma'aikatan gidan. Wasu su ce lemo da ruwa da shayi kyauta, giya kuwa kowa ya sa hannu a aljihu. A mashayun Ingila abin ya fi dogara da halin mai wurin, wani da kun gama sauke kaya zai ce me za ku sha, wani ko kallo ba ku ishe shi ba, musamman manyan kamfanoni masu rassa da yawa inda komai sai ya bi ta na'urar lissafi, shi manajan ma ba shi da ikon bayar da kofi ɗaya ba tare da ya yi bayani ba.

Idan aka hau sama zuwa wuraren da ake sayar da tikitin shiga, sai a shiga batun raida. Raida takarda ce da ake maƙala wa yarjejeniyar wasa, ɓangare ɗaya na kayan sauti da wuta, ɗaya ɓangaren na abin da za a tanadar wa makaɗa a ɗakin hutawa, ruwa, abinci, tawul, abin sha. Wadda ta fi shahara ita ce ta ƙungiyar makaɗan Amurka Van Halen a 1982, da suka rubuta a ajiye musu kwanon alawar M&M's amma a tsince duk masu launin ƙasa-ƙasa. Mutane sun daɗe suna ɗaukar abin a matsayin iyayi da jin kai, sai daga baya mawaƙinsu David Lee Roth ya ce gwaji ne, in suka shiga ɗaki suka ga ba a tsince ba sun san mai shirya wasan bai karanta takardar da kyau ba, sai su sake duba nauyin dandamali da wutar lantarki kafin wani ya ji ciwo. Amma abin da masu kallo ba su sani ba shi ne ko a wannan matakin sau da yawa kuɗin raida ana lissafa shi ne cikin kashe-kashen wasa kafin a raba riba, ma'ana makaɗin shi ke biya ta bayan fage.

Daga ina al'adar ta fito?

Wani ɓangarenta karamci ne tsantsa, wannan kam ba musu. A Ailan har gobe akwai zaman kiɗan gargajiya da ake yi a mashayu, mutane su kewaye tebur guda da goge da sarewa da ƙaramin ganga, wani ya zo wani ya tafi, mai wurin ya riƙa turo musu kofuna, sau da yawa mutum ɗaya ko biyu masu riƙe zaman ne kawai ake biya kuɗi, sauran don sha'awa suka zo. A irin wannan babu wanda aka zalunta, kowa ya san a kan me ya zo.

Ɗaya ɓangaren kuma kasuwanci ne tun asali. Mashaya ba kiɗa take sayarwa ba, abin sha take sayarwa, makaɗi kuma aikinsa ya riƙe mutane a kujera su ƙara oda. Lokacin da makaɗan Ingila na ƙungiyar Beatles suka je Hambag ta Jamus a 1960, suna samari, awanni suke yi a dandamali kowane dare a kulob ɗin Indra da Kaiserkeller, masu kallo na turo musu akwatunan giya har kan dandamali, ga ƙwayoyin hana barci da suke haɗiya don su kai asuba. Mutane na ba da labarin a matsayin tarihin jarumta, amma in ka duba da kyau yara ne 'yan shekara 17 zuwa 20 da ake aiki da su ba hutu suna kwana a wani ɗan ɗaki a bayan gidan silima.

Sannan biyan ma'aikaci da abin sha tsohon ciwo ne da ya girmi maganar makaɗa. A Ingila manoma sun daɗe suna biyan leburorin gona wani kaso na lada da barasar tuffa, sai da aka yi gyaran doka a 1887 aka hana. A gonakin inabi na yankin Kef a Afirka ta Kudu an shafe ƙarnuka ana biyan baƙaƙen leburori da ruwan inabi mai sa maye, an haramta a farkon shekarun 1960 amma aka ci gaba a wasu gonaki har shekarun 1990, kuma har yanzu yankin na cikin wuraren da aka fi haihuwar jarirai da lahani sanadiyyar shan iyaye mata a duk duniya. Ba ina cewa tikiti biyu da aka ba mai jita daidai yake da wannan ba, ko kusa. Amma dabarar iri ɗaya ce: ka biya da abin da kai ka samu da araha, shi kuma wanda aka ba ba zai iya kai shi kasuwa ya sayo garin tuwo ba.

Lissafin mai mashaya

Toh a yi masa adalci shi ma. Mu ƙaddara makaɗa huɗu, kowa kofi biyu, kofi takwas kenan, a kan fam 5 kowane ɗaya fam 40 a farashin kanta. Shi abin da ya kashe a kansu sau da yawa bai kai rabin haka ba. Ka ga ke nan ya fi masa sauƙi ya ba da abin sha na fam 40 da ya ƙara fam 40 a ambulan, nesa ba kusa ba. Shi ya sa za ka ji an ce kuɗin kaɗan ne amma akwai abin sha kyauta, a haɗa biyun a jimla ɗaya don ya yi nauyi a kunne.

Amma kuma ba duka ne ke ƙin bayarwa don rowa ba. Ƙananan gidajen kiɗa a Birtaniya suna cikin matsi na gaske. Ƙungiyar Music Venue Trust, wadda aka kafa a 2014 don kare irin waɗannan wurare, ta ce a 2023 kaɗai wurare 125 sun rufe ko sun daina sa kiɗa, matsakaicin ribar waɗanda suka rage kuwa rabin kashi ɗaya cikin ɗari ne, kashi 38 cikin ɗari ma asara suka yi. Ga kuɗin wuta da ya yi tashin gwauron zabi bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren, ga haya, ga haraji a kan giya, ga lasisin sa waƙoƙin mutane da ake biya duk shekara, ga mai kula da sauti da masu tsaron ƙofa. Wasu masu mashayar ma haya suke a hannun kamfanin da ya mallaki ginin kuma yarjejeniya ta ɗaure su sai dai su sayi giya a wurinsa a farashin da ya yanka, saboda haka ribarsu a kofi ba ta kai yadda ake zato ba. Mai irin wannan wuri in yana sa rukunin makaɗa uku-uku a dare, kwana huɗu a sati, kofi biyu-biyun nan ya zama kuɗi.

Akwai kuma waɗanda suka daina don sun taɓa ƙonewa. An buɗe wa makaɗa lissafi ba iyaka, kafin zagaye na biyu mai waƙa ya manta baiti, mai ganguna na gudu mai jita na binsa a baya, jama'a suka fara sulalewa. Mai wurin da ya ga haka sau ɗaya, duk wanda ya zo bayansu shi zai ɗanɗana kuɗarsa.

Lissafin makaɗi

A nan ne nake ganin an fi yi wa abin gurguwar fahimta. Mu ƙaddara an biya waɗancan mutum huɗu fam 240, kowa fam 60. Masu kallo awa biyu suka gani. Amma mutumin nan ya bar gida biyar na yamma, ya loda kaya, ya yi tuƙi, ya sauke, ya gwada sauti, ya jira, ya yi wasa, ya tattara, ya koma gida ɗaya na dare. Awa takwas kenan, fam 7 da rabi a awa, alhali mafi ƙarancin albashi a Birtaniya ga mai shekara 21 zuwa sama ya haura fam 12 a awa tun Afrilun 2025. Ba a cire man mota ba, ba a cire kuɗin ajiye mota ba, ba a cire tsirkiyar jita da ke tsinkewa ba, balle kwanakin atisaye. In kuma ya sayi abin sha uku da kuɗinsa a wurin, kwata ɗin ladansa ya koma aljihun wanda ya biya shi. Don haka wanda ya ce a ba shi ko lemo kyauta ba kwaɗayi yake ba, wallahi lissafi yake.

Sai dai ga inda abin ke juyewa. Da zarar makaɗi ya yarda cewa abin sha wani ɓangare ne na ladansa, ya karya farashin kansa kuma ya karya na 'yan uwansa. Saboda akwai masu aikin ofis da kiɗa sha'awa ce kawai a wurinsu, su a ba su kofi biyu da tafi sun gode, sai mai mashaya ya ce wa wanda kiɗan ne abincinsa ai su wane sun yi mini a kyauta makon jiya. Irin wannan ne ya sa ƙungiyar makaɗa ta Birtaniya, wadda tarihinta ya faro tun 1893, ta ɗaga murya a 2012 lokacin gasar Olamfik ta Landan, da aka riƙa neman ƙwararrun makaɗa su yi wasa ba biya wai ai duniya za ta gan su. Kamar ka kira magini ya yi maka katanga ne ka ce tuwon rana da ka ba shi shi ne ladan, tuwon karamci ne kuma ya kamata ka bayar, amma bai shafi kuɗin aiki ba.

Sannan wa kyautar ke amfana? Mai tuƙa motar kaya ba zai sha ba, in ya sha aka kama shi lasisinsa ya tafi, sana'ar ma ta tsaya, a Sikotlan tun 2014 aka rage ma'aunin da aka yarda direba ya kai har ya zama kofi ɗaya na iya jefa mutum a matsala. Matashin da bai kai 21 ba a Amurka doka ta hana a ba shi. Musulmi ba zai sha ba, kuma akwai su da yawa a wannan harka, 'yan Mali da Senegal da Nijar da ke yawon wasa a Turai. Wanda ya yi fama da shaye-shaye ya samu ya daina, shi a wurinsa tikitin nan jarrabawa ce kowane dare. Duk waɗannan in an ce ladan ya haɗa da abin sha, an rage musu albashi ne kawai ba su ji ba ba su gani ba.

Maganar lafiya kuwa ba ƙarama ba ce. Nuna mini wata sana'a da za ka iso wurin aiki, kafin ka ajiye jaka mai gidan ya miƙo maka abin maye, masu kallo su ƙara turo maka, in ka ƙi a ga ka yi girman kai, kuma haka dare huɗu ko biyar a sati shekara da shekaru. A binciken da jami'ar Westminster ta yi wa Help Musicians a 2016 kan mutum sama da 2,000 a harkar kiɗa, kusan kashi 71 cikin ɗari sun ce sun yi fama da fargaba mai tsanani, kusan kashi 69 sun ce sun yi fama da ciwon damuwa. Mutumin da gabansa ke faɗuwa kafin ya hau dandamali aka ajiye masa kwalba a gefe kyauta, ba sai an faɗa maka inda abin zai kai wasu ba.

Me doka ta ce?

Ba ta tilasta wa mai mashaya ya bayar ba, a wasu wuraren ma hana shi take. Jihar Masachusets ta Amurka tun 1984 ta hana mashayu raba giya kyauta. Jihar Washintan kuma ta daɗe tana ɗaukar makaɗi kamar ma'aikacin gidan da ba a yarda ya sha yana bakin aiki ba, sai a 2011 aka sassauta. A jihohin Amurka da dama in mashaya ta ci gaba da zuba wa wanda ya riga ya bugu ya fita ya yi hatsari, ana iya maka ta a kotu, wannan ma na sa masu wuri taka-tsantsan.

A ɓangaren lada, yarjejeniyar kare albashi ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta 1949 ta ce ba a yarda a biya albashi da barasa mai ƙarfi ko ƙwaya mai cutarwa ba ko ta halin ƙaƙa. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma a sashenta na farko ta hana mai gida ba ma'aikaci abin sa maye a matsayin lada. Matsalar ita ce makaɗi mai yawon wasa ba a cika lissafa shi ma'aikaci ba, mai zaman kansa ne da aka yi ciniki da shi na dare ɗaya, sau da yawa da baki ko ta saƙon waya, saboda haka kariyar nan ba ta cika kaiwa gare shi ba.

Ina ya shafe mu?

A yawancin garuruwan Arewa tun da aka dawo da shari'a a shekarar 2000 ba a maganar mashaya a fili, sai irin Sabon Gari a Kano da manyan otal-otal da wuraren shaƙatawa na Abuja da Jos da Kaduna, inda ake ɗaukar makaɗa su yi wasa a ƙarshen mako. Amma cire giyar ka sa shinkafa da lemo, za ka ga zancen bai canza ba. Sau nawa ake gayyatar mawaƙi ko masu kalangu biki a ce ku zo kawai ai za a yi liƙi, akwai abinci? In taron ya cika an yi ruwan kuɗi, madalla. In ruwa ya sauko ko manyan baƙin ba su zo ba, mutum ya koma gida da kuɗin motar da ya ranto, an sallame shi da ledar abinci. Ciyar da makaɗi da ba shi goro da ruwa al'adarmu ce mai kyau, ban ce a daina ba, abin da nake ƙi shi ne a mai da ita madadin ciniki.

Shawarar da tsofaffin hannu a harkar ke ba sababbi a can, wadda ni ma na yarda da ita, ita ce a yanke kuɗi tukuna, a rubuce ko da a saƙon waya ne, nawa ne, awa nawa, wa zai biya, yaushe. Bayan nan sai a tambaya a fili ko akwai abinci da abin sha, guda nawa, kuma in ban sha giya ba za a musanya mini da abinci ko gahawa ko lemo? Wurare da yawa suna yarda in an tambaya tun kafin ranar, abin da ba sa so shi ne a zo ana ja-in-ja a gaban kanta ƙarfe goma sha biyun dare. Ruwan sha kuwa bai kamata ma ya shiga ciniki ba, mutumin da zai yi awa biyu yana waƙa a ƙarƙashin fitilu masu zafi a ce sai ya sayi ruwa, wannan rashin mutunci ne. A Ingila ma doka ta wajabta wa duk mai lasisin sayar da giya ya ba da ruwan famfo kyauta ga wanda ya nema.

A Birtaniya yanzu ana ta ƙoƙarin ganin an ɗora fam 1 a kan kowane tikitin manyan wasanni na filayen ƙwallo da manyan zauruka, a tara a tallafa wa ƙananan gidajen kiɗa, gwamnati ta goyi bayan a yi shi bisa son rai, wasu manyan mawaƙa sun riga sun fara bayarwa daga nasu wasannin. In kuɗin ya isa ga masu ƙananan wurare zai rage musu nauyi, amma sai an sa ido sosai kafin wani abu daga ciki ya shiga ambulan ɗin mutum huɗun nan da ke naɗe waya ƙarfe ɗaya na dare, don su ne ba su da kowa a teburin da ake rabon.